Shekara Biyu Babu Goyo

Ranar da aka fara kwantar da ita a ƙarƙashin na'urar auna ƙarfin ƙashi, sai da telar nan ta yi wa mai na'urar tsiwa.

"Malam, ka daina lallaɓa ni kamar ƙwai. Na faɗi sau uku, na karye sau uku, ban mutu ba."

Ya yi dariya har ya manta bai danna maɓalli ba. Tun daga ranar ya raɗa mata 'Yar Rigima.

Shekararta ashirin da shida, amma ƙasusuwanta sun riga ta tsufa. Likita ta ce akwai wani sinadari a jiki mai narkar da ƙashi, kuma ana gwajin wata ƙwaya da ke ɗaure masa hannu. Telar ta sa hannu ta shiga gwajin. Sharaɗin ɗaya ne mai nauyi: ba za ta ɗauki ciki ba har shekara biyu.

Da mai na'urar ya ga zuciyarsa ta fi ƙarfinsa, ya nemi a canja masa sashe, domin doka ta hana ma'aikaci neman wadda ake gwaji a kanta. Sannan ya turo saƙo: "'Yar Rigima, na bar na'urar saboda ke. In zo gida?"

Ta amsa: "Ka zo, Mai Na'ura. Amma kar ka zo min da tausayi, ina da shi buhu-buhu."

Son sa take yi sosai, bakin ne kawai ba ya risinawa.

Mahaifiyarsa ce ta taka burki. Shi kaɗai ta haifa, kuma ta ƙosa ta ga jika. Har shago ta zo, ta zauna a kan bencin kwastomomi ba ta ko taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

"Yarinya, ba ƙin ki nake ba. Ko ki bar maganin nan, ko ki bar min ɗana."

Telar ta tsayar da keken. Ta durƙusa a hankali saboda gwiwa.

"Mama, ba zan bar ko ɗaya ba. Bara ɗan yayata na ɗaga, ɗan wata takwas, na ji ƙas a bayana. Wata biyu ina kwance. Jikan da kike so, da wane bayan zan goya shi? Ban sani ba ko maganin zai yi. Amma sai na ga ƙarshensa."

Mama ta tashi ta fita. Kwana tara shiru, telar tana ɗinki tana sharar hawaye. Kullum saƙon Mai Na'ura ɗaya ne: "Ina nan, ban motsa ba."

A na goma Mama ta aiko a sa rana.

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar hotuna, sai ga Mama tana ratsa mata da kofin ruwa a hannu.

"Ku ba ni wuri, ƙarfe huɗu ta yi. 'Yata, ina ƙwayar? Sha a gabana. Shekara biyun nan tare za mu yi ta. Allah ya ƙarfafa miki baya, ya albarkaci auren nan."

Amarya ta haɗiye, ta ce amin da ƙarfi.