Ranar da Rago Ya Halarci Ganawar Begimay

A garin Kochkor akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ba ta da mugunta, sai dai magana ba ta kwana a cikinta.

Yayarta Begimay ta gama jami'a. Tana neman tallafin ƙarin karatu a ƙasar waje, don ta koyi yadda gwamnati ke tsara ayyukan jama'a. Wata shida ta yi tana cike takardu. Rannan da safe saƙo ya shigo wayarta.

"Apa, sun kira ni ganawa!" ta ce wa mahaifiyarsu. "Yau ƙarfe huɗu, ta kwamfuta. Mu goma ne, biyu za a ɗauka."

Ta harari ƙanwarta. "Ke kuma kama bakinki. Shiru nake so a gidan nan."

"To, Eje," in ji yarinyar, don haka ake kiran yaya mace a garin.

A wurinmu, duk mai kai albishir sai ya ce "Suyuncu!" a ba shi tukwici. Yarinyar ta san labarin ganawa ba ya kawo alewa. Da aka aike ta sayen madara, sai ta leƙa gidan wani tsoho maƙwabcinsu.

"Suyuncu, Toktosun ata! Yayata ta ci! Turai za ta!"

Tsoho ya cika mata aljihu da busasshen tuffa. Gida na gaba aka ba ta alewa, na gabansa ɗankwali. Abin ya yi mata daɗi. Ta bi layin kaf, madarar ma ta manta.

Ƙarfe huɗu saura kwata, sai ga mutane. Mata da farantan soyayyen burodi, wani da molonsa, Toktosun ata kuma janye da ƙaton rago.

"Ina 'yar Turai? Ta fito mu sa mata albarka!"

Rago ma ya ce, "Baaa!"

Begimay ta leƙo ta taga, idonta cike da ƙwalla. "Apa, na shiga uku! Wa zai ji ni cikin wannan hayaniya?"

Apa ta dubi aljihun yarinyar da ya kumbura. "Wa ya gayyato su?"

"Bakina ne, Apa."

"To, bakin nan zai gyara. Baƙo dai ba a korarsa bai sha shayi ba."

Yarinyar ta hau benci. Kunya kamar ta nutse.

"Ƙarya na yi," ta ce. "Ba ta ci ba tukuna. Yanzu za a yi mata tambayoyi. Tukwici nake so, shi ya sa."

"Ja'ira!" in ji Toktosun ata. "To, jama'a, tunda shiru ake so, shiru za mu kawo gudummawa. Ke kuma ga igiya. In ragon nan ya yi kuka, ke ce."

Mutum talatin suka zauna suna kurɓar shayi a hankali. Mai molo ya ɓoye hannayensa a hammata. Yarinyar kuwa, da rago ya buɗe baki sai ta cusa masa tuffa. Tuffa ya ƙare, ta shiga ba shi alewa. Alewa ta ƙare, ya kama ɗankwalin. Tana ji tana gani ya tauna rabi.

Can Begimay ta fito tana share gumi.

"Yaya aka yi?" kowa ya tambaya cikin raɗa.

"Na amsa duka. Sai dai wata malama ta ce kamar tana jin ana tauna."

Tsakar gida ta kece da dariya. Yarinyar ta rungume yayarta. "Ki yafe ni, Eje."

"Na yafe. Je ki wanke hannu, warin rago kike."

Bayan mako uku saƙo ya zo, an ɗauki Begimay. Yarinyar ta yi murna har da kuka, don ta san saura kaɗan ta ɓata wa yayarta wahalar wata shida. Tun daga nan ta gane cewa ƙarya, ko ta farin ciki ce, ƙarya ce, kuma wanda kake ƙauna take fara cutarwa.