Kalmar da Ba a Faɗa a Dutsen Argopuro

Ruwa ne ya koro Galih cikin rumfar shayin da ke gindin dutsen Argopuro, jakar bayansa na ɗiga.

"Kai, sanyi zai kashe ni," in ji shi.

Masu shan shayi suka juyo suna kallonsa. Wani tsoho ya ajiye kofinsa ya fita. Budurwar da ke zuba shayin citta ta miƙo masa nasa.

"Mas, ba a faɗin wannan kalma a nan. Iskokin dutsen suna ji, sai su ƙaro maka."

Sunanta Wening. Tsohon da ya fita babanta ne, Pak Darmo, jagoran masu ƙetare dutsen. A can, Pak ake ce wa dattijo, Bu dattijuwa, Mas saurayi, Dik kuma ƙanwa ko budurwa. Galih ya koma birnin Malang da lambar wayarta, ya fara tura mata saƙo.

"Dik Citta, yau ma ruwa ake, amma na kama bakina."

"Sannu jarumi. Safarka ta bushe kuwa, Mas Jiƙaƙƙe?"

Da maganar aure ta taso, Pak Darmo ya ce ba zai ba mai sakin baki 'yarsa ba, ga Bayu mai shagon babura yana jira. Wening ta daina dariya a gidan. Tsohon ya gaji.

"Ya ƙetare dutsen tare da mu, da damina. In gan shi."

Su huɗu suka tashi, da Bu Tinah, gwaggon Wening. A bakin daji tsohon ya ce, "In an kira sunanka cikin hazo, kada ka amsa."

Ruwa bai ɗauke ba. Shinkafa ta jiƙe, ƙafafu suka yi fari. Kayan sawa saiti ɗaya ne busassu a jakar Galih, ƙulle cikin leda, ya hana kansa taɓa su.

Wata la'asar, a wani filin ciyawa, Wening ta fara tangaɗi. Ta yi dariya ita kaɗai, ta cire rigar ruwanta, wai zafi take ji.

"Sun shige ta," in ji Pak Darmo. Ya dafa kanta ya fara karatu.

Galih ya ga leɓɓanta sun yi shuɗi. Ya gane ta daɗe tana shan azaba, ta ƙi faɗa, yadda aka rene ta.

"Pak, sanyi ne," ya ce da ƙarfi. "Sanyi ke kashe ta."

Tsohon ya watso masa harara.

"Ci gaba da karatunka, Pak. Bu, taimake ni."

Ya kafa tanti, ya kwance ledar ya miƙa wa Bu Tinah, da jakar barci da gorar ruwan zafi. Ta shiga ta canja wa yarinyar kaya, ta rungume ta. Tsohon ya durƙusa a bakin tantin yana karatu. Galih ya ja gefe ya juya baya, ya tsaya cikin ruwan.

Hazo ya sauko, ciyawar ta ɓace. Can gabansa aka ce, "Mas Galih. Zo, na samo wuta."

Muryar Wening ce, tas, har da 'yar dariyarta, alhali tana cikin tanti a bayansa. Ƙafarsa ta so ɗagawa. Ya kafe ido a takalmansa. Aka sake kira, kusa da kunnensa. Ya cije haƙora, ruwa na bin ƙeyarsa, har Bu Tinah ta leƙo.

"Ta fara rawar ɗari. Ta dawo."

Har suka sauka ƙauyen Bremi tsohon bai ce masa uffan ba. Bayan damina ya aika Malang, iyayen Galih su zo.

Ranar ɗaurin aure Pak Darmo ya riƙe hannun ango, ya daɗe bai saki ba.

"Ni ma na ji muryar nan cikin hazo. Ina kallon bayanka, ba ka motsa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Wening ta matso. "Me Baba ya ce maka, Mas Jiƙaƙƙe?"

"Albarka ya sa mana, Dik."

Sauran kuwa, har yau bai gaya mata ba.