Tsinken Tsintsiya da Jan Babur

"Ya sake mutuwa, Shahida..."

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannunta. Ta jingina da bangon kicin.

"Ya mutu kuma? Kana ina yanzu, Yaya Muhsin?"

"Na ɗan baro Roni kaɗan. Sai ya yi ta gudu lafiya lau, can sai ya fara shaƙewa, ya yi tsit. In ya huta ya tashi, in na yi gaba ya sake. Na canja fulogi, na duba batir, kafireta kuwa jiya na wanke shi tas. Wallahi kaina ya ɗaure!"

Innalillahi! Kuma yau ce Juma'ar da Abba ya yanke.

Babur ɗin nan ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Jan babur ne na tsere, tsohon ƙirar Italiya, wanda yayanta Rilwanu ya sayo a mace ta iyakar Babura. Ya ajiye shi a zauren gidansu na Kazaure yana ta fama da shi, Shahida na riƙe masa sifana, abokinsa Muhsin, malamin gona a Roni, na zuwa taya shi. Kullum Rilwanu sai ya ce, "Abba, ranar da ya tashi kai zan fara ɗauka." Allah bai nufa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu bai taɓa jin kukan injin ba.

Bayan zaman makoki Muhsin ya durƙusa gaban Abba ya roƙi a ba shi babur ɗin, ya yi alkawarin dawo da shi da rai. Shekaru suka ja. Yau bel ne za a kawo daga Legas, gobe an kawo ba irinsa ba. A wannan tsakanin ne tambayar "ina aka kwana a gyara?" ta rikiɗe tsakaninsa da Shahida ta koma "kin ci abinci kuwa?" So dai ya shiga, ya yi kane-kane.

Amma da aka je wa Abba, Alhaji Halliru, da maganar aure, sai ya murtuke.

"Wanda ya kasa cika alkawarin mamaci, shi zan ba amanar mai rai? Ya kawo babur ɗin ɗana ƙofar gidana ranar Juma'a kafin la'asar, a kan tayoyinsa, da kukansa. In ba haka ba kada magabatansa su wahalar da kansu."

Goggo Batulu, ƙanwar Abba, har da guɗa a ranta, don ta daɗe tana yi wa ɗanta Falalu kamun ƙafa. Yanzu haka tana tsakar gida ta baje a tabarma, sai duba agogon hannunta take tana murmushi.

"Shahidata, tsaya," muryar Muhsin ta dawo da ita. "Ga Falalu nan ya tsaya da akori-kura. Wai wucewa ya zo yi ya gan ni. Ya ce mu ɗora shi a baya ya sauke ni a bakin gari, sai in ƙarasa a kai. Kin ga lokaci na tafiya..."

Wucewa! Falalun da ko ƙura ba ya so ta taɓa masa shadda, shi ne yau da akori-kura a hanyar Roni?

"Kada ka yarda!" Ta manta da rage murya. "Don girman Allah kada ka ɗora! Kafin ku iso hotonku yana wayar Abba. A kan tayoyinsa aka ce."

"To ya zan yi, rabin raina? Ni fa ba babur ɗin nake tsoron rasawa ba. Ke ce."

Hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen mayafi, idonta ya sauka a saƙon kicin, inda zanzaro ke ta kai da komo da laka yana gininsa hankali kwance.

Ta ƙura masa ido.

Sai ta ji muryar Rilwanu raɗau a kunnenta, yana mita a zaure da damina: "Wannan ƙwaro ya raina ni! Duk faɗin Kazaure bai ga wurin gini ba sai tiyona. Shahida, ba ni tsinke."

"Yaya Muhsin! A ina ka ajiye shi bayan ka gama haɗawa?"

"A rumfar gidanmu."

"Buɗe murfin tanki. Kasa kunne sosai."

Sai ta ji shi ya ja numfashi.

"Ya yi huci! Kamar ya zuƙi iska!"

"Alhamdulillahi! Numfashi ne ba ya samu. Akwai siririn tiyo da ya fito daga tankin ya sauka ƙasa, ta nan iska ke shiga in mai na fita. In ya toshe, mai ba ya sauka. Bi shi har bakinsa, ka gaya min abin da ka gani."

Ta ji ƙarar tsakuwa, ya durƙusa ke nan.

"Laka... Shahida, laka ce cunkushe!"

"Gidan zanzaro ne. Nemi tsinke!"

Can nesa ta jiyo Falalu yana cewa, "Malam, ni fa ina da abin yi, in za ka ɗora ka ɗora." Muhsin ya ce masa ya gode, Allah ya saka da alheri, a sauka lafiya. Wata mai tallar gyaɗa a bakin hanya ta zare masa tsinke daga tsintsiyarta. Ya soka, ya hura, ya tofar da ƙasa.

Daga nan sai wayar ta cika da ruri.

"Ki ci gaba da addu'a, ga ni nan!" ya faɗa da ƙarfi yana dariya, ita ma ba ta san sanda ta fashe da dariya cikin kuka ba.

Muhsin bai yi ganganci ba, amma fa ya ba babur ɗin wuta. Ya kwanta a kan tanki, gero da dawa na wucewa ta gefensa kore shar, injin na amsawa duk sanda ya murɗa. Ko tari bai ƙara yi ba har duwatsun Kazaure suka bayyana.

Ladan bai kai ga kiran la'asar ba unguwa ta ɗauki wani irin gurnani mai kauri, haɗe da kacau-kacau kamar an zuba cokula a kwano.

"Ku ji shi!" Goggo Batulu ta miƙe. "Duk ya kwance! Wannan ai gwangwan ne!"

"Kulocinsa ne, Goggo," Shahida ta ce tana gyara mayafi. "Yaya Rilwanu ya ce haka aka ƙera shi. Lafiyarsa ƙalau."

Ta leƙa ta zaure. Abba na tsaye a ƙofar gida da babbar rigarsa ta Juma'a, carbi ya tsaya cak a hannunsa. Muhsin ya cire hular kwano, ya kai hannu zai kashe injin don ya gaisa.

"Bar shi!" Abba ya ce. "Kada ka kashe."

Ya matso a hankali. Ya ɗora tafinsa a kan jan tankin, yana jin yadda yake kakkarwa. Shahida ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar jana'iza. Yau ga su suna bin gemunsa, bai ko damu da ya ɓoye ba.

"Ashe haka muryarsa take..."

"Ranka ya daɗe, ka yafe min jinkiri," Muhsin ya ce, kai a sunkuye. "Kuma gaskiya ba ni na ƙarasa shi ba. A hanya ya mace min. Shahida ce ta gano ciwon ta waya, da abin da marigayi ya koya mata."

Abba ya waiwayo ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

"Da ka yi shiru, da ban sani ba," ya ce da Muhsin. "Ka cika alkawari, kuma ba ka ci haƙƙin kowa ba. Ka ce wa magabatanka ina jiransu gobe."

Goggo Batulu ta ja tsaki ta shige ciki neman takalmanta. Babu wanda ya tsayar da ita.

Shahida kuwa ji ta yi kamar ta taka rawa a zauren nan. Muhsin ya saci kallonta, ya zaro tsinken tsintsiyar daga aljihun gaba ya nuna mata, ya mayar daidai saitin zuciyarsa. Har ranar da aka kai ta ɗakinta a Roni bayan kaka, tsinken nan na nan a aljihunsa.

Amma a wannan Juma'ar, Abba bai gama ba. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye ɗan tudun kujerar baya. Maƙwabta suka saki baki.

"Abba!" Shahida ta fito da gudu. "Ina za ka?"

Ya danna hularsa da kyau, ya dafa kafaɗun Muhsin.

"Yayanki ya ce ni zai fara ɗauka. Muhsinu, mu yi la'asar a masallacin bakin maƙabarta, in yi masa addu'a." Ya share ido, ya yi murmushi. "Ja mu je, ɗana. Kuma ban ce ka yi tafiyar tsofaffi ba."