Yayra da Jan Kifin Bakin Kogi

Ranar da Yayra ta fara zuwa bakin tekunmu, Senyo yana kan igiya ana jan taru. Daga jami'a ta taho da almakashi da ƙananan kwalabe, tana roƙon a bar ta ta yanki gefen wutsiyar jan kifi, ɗan kaɗan kamar farce. Kowa ya hana, don matan kasuwa ba sa sayen kifin da ƙarfe ya riga ya taɓa. Senyo ya ajiye mata kwandonsa gaba ɗaya.

Ina zaune ina ganin yadda yake kallonta. Ni da na kwana huɗu a kan kifaffen kwalekwale, teku ya ci abokaina shida ya tofar da ni, ba a ɓoye mini irin wannan kallon.

Ta ce so take ta gane ko kifinmu dangin na Lome da Kotonu ne, ko zuriyarsa daban. Senyo ya ce shi ma akwai zuriyar da yake son shiga. Tun ranar take kiransa Mai Kwando.

Bayan shekara sakamakon bincikenta ya fito. Kifinmu zuriya ce ita kaɗai, babu mai zuwa daga gabas ya cike gurbinsa, kuma yana ƙarewa. Aka rufe bakin kogi wata uku, lokacin da yake zuba ƙwai.

Agbeko, uban Senyo, mai taru biyu, ya rantse ɗansa ba zai auri wadda ta ɗaure masa hannu ba. Senyo ya daina ɗaga wayarta. Da kansa ya zo ya karanta mini saƙonta, don ni ban yi boko ba:

"Mai Kwando, da ƙarya a kan kifin za ta hana ni rasa ka, da na yi ta. Amma ina so 'ya'yanmu su san ɗanɗanon abin da ka ba ni. Ka ci abinci."

Na ɗauki sandata na tafi gidan Agbeko.

"Kai yaro, ka taɓa cin gbadzi?"

"Togbi, kakanmu, mene ne shi?"

"Kifi ne. Har kare muke jefa wa. Da ya ragu muka ce wasu za su zo daga gabas. Ni na ja taru na ƙarshe, guda uku na samu, na cinye. Duk garin nan ni kaɗai na rage da ya san sunansa, ga shi kai ma tambaya kake."

Ya daɗe yana kallon tarunsa a rataye. Sannan ya tambayi inda gidan iyayen Yayra yake.

A cikin watannin rufewar aka yi bikin. Babu kwalekwale ko ɗaya a ruwa, don haka babu namijin da bai zo ba, abin da ko aurena bai samu ba. Senyo da Yayra suka durƙusa gabana, na ɗora musu hannuwan nan da gishiri ya cinye. Na ce Allah Ya ba su zuriya mai yawa, Ya bar musu abin da za su ciyar da ita.