Gilashin da Bai Fashe Ba

Ana kiran la'asar rahoton ya iso teburin Sufeto Fahad: bango ya faɗa wa mutum a wani tsohon gida da ake gyarawa a bakin ruwan unguwar Deira.

Fahad jikan Hausawan Sudan ne, shi ya sa duk abin da ya shafi baƙin Afirka ta Yamma shi ake jefa wa. Ba ya son dogon zance, ya kuma tsani a ce masa "ƙaddara ce" kafin ya gama dubawa.

Gidan na dā ne, da duwatsun teku da farar ƙasa aka gina shi. Girgizar ƙasar da ta taso daga Iran a Nuwamban 2021 ta bar wa bangonsa na gabas tsaga daga sama har ƙasa. Yau bangon ya ƙarasa, ya danne wani magini ɗan Kumasi mai suna Issifu.

Foman ɗin aikin, Idris, shi ma ɗan Kumasi, yana durƙushe kusa da gawar, farcensa duk jini saboda tonon ɓaraguzai.

"Me kake da shi?" in ji Fahad.

"Mijin ƙanwata Zenabu ne, ranka ya daɗe. Ni na kawo shi ƙasar nan."

"Wa ya ce bangon lafiya yake?"

"Injiniya. Mu namu bin umarni ne."

Fahad ya zaga ɓaraguzan. A jikin wani dutse ya ga wani ɗan sili mai ɗaukar ido, tsawon yatsa, gefe ɗaya a manne, ɗayan yana lilo. Ikon Allah! Bango guda ya zube, amma wannan ko tsagewa bai yi ba. Ya ɓamɓare shi ya jefa a leda.

A ofishin 'yan sanda, Injiniya Bilqis, Bakanuwa, tana zaune idanunta sun kaɗa. Ita ta ba da izinin ci gaba da aiki. In aka tabbatar sakacinta ne, kurkuku ke jiranta, daga nan kora daga ƙasar, kuma kamfanin har ya fara zame jiki.

"Hajiya, me ya sa kika bar mutane ƙarƙashin tsagaggen bango?"

"Ba duk tsaga ke kisa ba, yallaɓai. Tsohon gini ba a rushe shi don ya tsage, sai an ga ko tsagar tana tafiya. Sai na manna siririn gilashi a kanta da farar ƙasa. In bangon ya motsa ko kamar silin gashi, gilashin zai fashe. Kullum da safe sai na duba. Wallahi bai taɓa fashewa ba."

"Da ido kike dubawa ko da hannu?"

"Da ido. Yana sama da kaina."

Ya ajiye ledar a gabanta. Ta ciro silin, ta ɗan matsa shi. Sai ya lanƙwashe.

"Innalillahi! Wannan ai roba ce. Ga gam a jikinta, mai miƙewa. Ni ban taɓa sa gam ba."

"Da ya fashe me za ki yi?"

"In tsayar da aiki nan take. A tokare bangon, a sauke shi dutse-dutse. Wata da watanni ne kafin a samu izini."

"Ma'aikatan fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kamfani ya ce zai soke bizarsu."

Washegari Fahad ya tare wani lebura mai suna Ado a bakin ƙofar gidan.

"Me ya kai Issifu gindin bangon?"

"Waya ya je yi da matarsa. Can ne babu ƙarar inji. Foman ya fita sayo mana abinci, da yana nan ba zai bar shi ba."

"Saboda me?"

"Ai tun makon jiya ya hana kowa ko zaman inuwa a wurin. Har marin wani ya kusa yi."

Fahad ya ji ransa ya ɓaci. Injiniya ta ce lafiya, foman kuma yana korar mutane. To shi wa ya gaya masa?

Ya nufi unguwar Hor Al Anz, falat ɗin da Idris da mamacin suke kwana. An cika ɗakin ana zaman makoki. Ya yi gaisuwa, ya karɓi ruwa, idonsa yana bin bango. Sama da gadon Issifu akwai hoton bikinsa da Zenabu cikin irin firam ɗin nan mai araha na kasuwar Al Karama. Robar da ta rufe fuskar firam ɗin ba ta kai ƙasa ba. An yanke mata sili.

Ya jira mutane suka ragu, sannan ya sauke hoton.

"Idris, ka taɓa gilashin injiniya?"

"Ni? Ban ma san amfaninsa ba, ranka ya daɗe."

"Amma ka san amfanin hana mutane zama a wurin."

"Tsautsayi nake gudu."

"Khalas, ya isa." Fahad ya ciro silin, ya ɗora shi a gurbin. Ya zauna daram, har karcen wuƙar ya haɗu.

Idris ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya zauna a gadon mamacin.

"Makon jiya da sassafe na tarar gilashin ya fashe," ya ce. "Issifu bai cika wata huɗu da zuwa ba. Zenabu na da ciki. In aka tsayar da aiki shi za a fara mayarwa gida hannu rabbana. Na ce bari in rufe da roba shwaiya, na ɗan lokaci, mu gama ɗaya ɓangaren, ni zan tsare kowa. Bangon da ya yi shekara ɗari, na ɗauka zai ƙara mako biyu."

"Kuma kana ji aka tafi da injiniya, ka yi shiru."



Fahad ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, haushin ya fi yawa. Garin gyaran gira an tsone ido. Ya buga wa ofis ya ce a dakatar da tuhumar Bilqis, sannan ya ciro ankwa.

Suna saukowa matakala wayar Idris ta fara ruri a aljihunsa. Kofur ɗin da ya rako Fahad ya ciro ta. Zenabu ce.

"Tun jiya take kira," in ji Idris. "Suna cikin magana da Issifu layin ya yanke. So take in gaya mata wanda ya kashe mata miji."

Fahad ya karɓi wayar, ya danna, ya kara masa a kunne.

"Yalla," ya ce. "Maza gaya mata."