Igiyar Aladen Sadaki

Da hantsi helikwafta ta sauke Sufeto Obet Kogoya a ƙauyen Nalimo. Filin jirgin gangaren ciyawa ne kawai da ya ƙare a bakin kwazazzabo, kuma can ƙasa ƙaramin jirgin ya kife garin tashi. Matuƙin ya mutu, haka ma Natalis, saurayin da zai kai aladen sadakinsa garin Wamena.

Dangin Natalis sun zagaye coci da baka da kibau. Yeskiel mai lodin jirgi na ɓoye a ciki.

"Bapa Sufeto, rana na faɗuwa za mu shiga," in ji kawun Natalis, yana kiransa Bapa, wato baba, don girmamawa. "Shi ya yi lodi, shi zai biya da jininsa."

Obet ya gangara kwazazzabon. Gawar aladen tana can wajen wutsiyar jirgin, ba gaba inda ake ɗaure kaya ba. Nauyinsa da ya koma baya ne ya sa hancin jirgin ya ɗaga sama, ya rikito. Igiyar ba ta tsinke ba. An kwance ta, an sake ɗaurewa sakwa-sakwa, da irin ƙullin da mata ke yi wa jakar saƙa.

A coci Obet ya tsare Yeskiel da tambaya.

"Ka bar wurin jirgin bayan ka ɗaure aladen?"

"Ko taku ɗaya, Bapa."

"To wa ya ba aladen gasasshen dankali? Na ga ragowar a bakinsa."

Yeskiel ya sunkuyar da kai. "Na je korar karnuka daga fili. Da na dawo, Mama Elimina na saukowa daga ƙofar kaya."

Mama Elimina, uwar Natalis, na zaune a ƙofar bukkarta, fuskarta shafe da taɓon makoki. Obet ya tsani wannan aiki yau, amma ya durƙusa.

"Mama, a ina kika yi sallama da ɗanki?"

"A bakin shinge, ɗana."

Ya ajiye igiyar kusa da jakarta. Ƙullin iri ɗaya ne. Ta daɗe tana kallonsu.

"A jakar nan na goya aladen nan tun yana ɗan mitsitsi," ta ce. "Da bakina nake tauna masa dankali. Yeskiel ya ɗaure shi kamar itace, igiya na yanka masa ƙafa, yana ta kuka yana kallona. Kaɗan na sassauta. Kaɗan!"

Ta miƙe da kanta, ta taka har ƙofar coci, ta maimaita maganarta a gaban ƙannenta. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke baka, don ba su da wanda za su harba.

Ta miƙo hannuwanta. Obet ya saka mata ankwa, bai matse ba.

Ta dubi ƙarfen, ta dube shi. "Matse, ɗana," ta ce.