Sunan Yankan Ilham

Ranar da Adda Lailatu, yayar mijin Fauziyya, ta shigo da takardar nan, Fauziyya na tsugune gindin murhu tana tuƙa tuwon dawa, ɗiyarta Ilham 'yar shekara uku na riƙe da gefen zaninta. Gidan na Kankia cike yake da mata, an zo duba Hajiya Babba, uwar mijin Fauziyya, da ciwon ƙafa ya kwantar. Adda ba ta jira an watse ba. Ta tsaya tsakar gida da jakar ofis a hammata, ta ɗaga farar takarda sama, ta ce amsar biza ta zo, kuma Turawa sun gano abin da mutanen gida suka kasa ganowa. Ta karanta da Turanci, sannan ta juya shi da Hausa a hankali yadda kurma ma zai ji: ba su yarda cewa yarinyar nan ɗiyar ƙanenta Zainul Abidin ce ba.

Muciya ta suɓuce daga hannun Fauziyya ta faɗa toka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sai hawaye... Matan da suka ci tuwonta shekara huɗu suka shiga kallon fuskar Ilham, wannan ta duba hanci, waccan ta duba kunne, kamar masu tayin akuya a kasuwa.

Fauziyya marainiya ce, 'yar Bauranya ta ƙasar Kusada, kawunta Manu ya riƙe ta tun tana rarrafe. Zainul Abidin ya gan ta ya aure ta don son ransa, wata biyu da biki ya samu aikin jinya a wani asibiti a Turai ya tafi, aka haifi Ilham bayansa. Da ya samu takardar zama, sai ya ce iyalinsa su biyo shi, ya damƙa aikin takardun ga yayarsa Lailatu, tunda ita ce 'yar boko mai aiki a ofis. To, a nan gizo ya yi saƙa. Shekara da shekaru Adda na roƙon ƙanenta ya ɗauki ɗanta ya kai shi karatu, shi kuwa ya ce a bari matarsa da ɗiyarsa su fara zuwa. Tun daga ranar Adda ba ta ƙara amsa gaisuwar Fauziyya da baki ba, sai da hanci. An sha jin ta tana cewa ita da ta goya Zainul Abidin ba ta taɓa taka filin jirgi ba, sai wata mai kaushin ƙafa daga ƙauye. Hassada ciwo ce da mai ita ba ya zuwa asibiti.

Da la'asar mijin ya kira. Adda ta riga ta tura masa hoton takardar, ta ja jan layi ƙarƙashin wurin da take so ya gani. Shi kuma kishi ya rufe masa ido, mutumin da ke karanta Turanci kullum ya kasa tambayar ina sauran bayani.

"Ki faɗa mini gaskiya, Fauziyya. Wata biyu kawai muka yi da ke."

"Baban Ilham, ni kake tambaya haka?"

"Ba ni na faɗa ba, ofishi ne ya rubuta. Ki tafi gidanku sai na yi tunani."

Hajiya Babba ta juya fuska bango. Adda ta jefa wa Fauziyya kwafin takardar, ta ce ta tafi da shi ta yi laya.

Zaman Bauranya ya fi korar ɗaci. Damina ce, gero ya yi kai, kowa na gona, amma labarin ya riga Fauziyya isa ƙauyen. In ta je rijiya mata su yi shiru, in ta juya baya a kwashe da dariya. Wata ta hana ɗanta cin abinci kwano ɗaya da Ilham. Yarinyar ta dawo da kuka tana tambayar uwarta mece ce shegiya... Fauziyya ta rungume ta, ta kalli gabas ta ce, ya Allah, Kai ka san abin da ke cikin duhun ciki, ba ni da uwa ba ni da uba, ba ni da kowa sai Kai. Ta rame har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Kawu Manu bai yi boko ba, amma ya san takarda ita ke warware takarda. Ya jingine fartanya a tsakiyar noma, ya ce matambayi ba ya ɓata. Suka hau acaɓa zuwa Kusada. Magatakardan kotu ya juya takardar ya ce su nan aure da gado suka sani, wannan ta fi ƙarfinsu. Wani lauya da aka kwatanta musu ya ce shi rikicin gona yake yi. Wani mai shagon buga takardu ya ce a ba shi mako ɗaya zai samo musu biza ta bayan gida, Kawu ya ja hannun ɗiyarsa suka fita, ya ce ba ƙofar baya suka zo nema ba, mutunci suka zo nema. Sau biyar suna zuwa suna komawa, ruwan sama na dukansu a hanya, ciyawa na cin gonar tsoho. A zuwa na shida wani direba ya ce akwai Barista Abdulbaƙi, ɗan Kankia ne mai aiki a Abuja, ba abin da yake yi sai shari'ar biza da takardun zama na iyali, kuma yakan zo gida gaida tsohuwarsa ƙarshen wata.

Sun same shi ranar Asabar da hantsi a zauren gidansu, zaune kan tabarma da kofin fura. Ya saurari Fauziyya har ta gama bai katse ta ba. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce a ba shi takardar haihuwar yarinyar, ya ajiye su gefe da gefe.

"Malama, mi ne sunan ɗiyarki?"

"Ilham."

"To wace ce Halimatu Sa'adiya da ke cikin takardar haihuwa?"

Fauziyya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Kawu Manu ne ya amsa, ya ce ai ita ce, sunan yankanta ke nan, sunan kakarta Hajiya Babba aka mayar mata, shi ya sa ake ɓoye shi da Ilham. Wace suruka ce mai tarbiyya za ta kama sunan uwar mijinta?

Barista ya tambayi yadda aka cike fom. Fauziyya ta ce a ɗakin Hajiya aka yi, Hajiya na zaune bakin gado, Adda ta ce mata faɗi sunan yarinya da ƙarfi. Ita kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta iya ba, sai ta ce Ilham, tana zaton Adda za ta rubuta na gaskiya tunda takardar haihuwar na kan cinyarta. Adda ta yi murmushi ta rubuta.

Barista ya dafe kai. Ya ce masu duba takardun nan ba su san alkunya ba, sun ga uba ya haifi Halimatu Sa'adiya, ana nema wa Ilham biza, sai suka ɗauka yara biyu ne. Ba wanda ya ce ta yi lalata, cewa suka yi takardu ba su nuna dangantaka ba. Sannan ya ɗora yatsa kan ƙananan rubutu a ƙasan takardar, ya ce wannan shafi na ɗaya ne cikin biyu, ina na biyun? Fauziyya ta ce ita wannan kaɗai aka jefa mata.

Kwana goma sha biyu ya ɗauka kafin ya samo cikakken kwafi. Ya sa aka tara mutanen gidan Hajiya Babba bayan azahar, ya ce a kira matan da suka ji karatun farko su zo su ji na biyu, aka jingina waya jikin tulu Zainul Abidin na kallo. Barista ya karanta shafin da aka ɓoye, inda aka rubuta ƙarara cewa sunaye ne suka saɓa, in an kawo shaidar kotu cewa mutum ɗaya ce a sake nema. Ya ce shafin nan tare da ɗan'uwansa ya iso wayar Lailatu, rana ɗaya, minti ɗaya.

Adda ta fara kame-kame. Ta ce aiki ya yi mata yawa, ba ta lura da shafi na biyu ba, sunan yankan yarinyar kuma wallahi mantawa ta yi.

Hajiya Babba ta dafa bango ta miƙe da ƙafarta mai ciwo.

"Lailatu, sunana kika manta?"

Ta nuna ta da yatsa.

"Ni na haife ki, ni na yi miki wankan jego, sunana kika manta? Kika sa na juya wa takwarata baya tana kuka... Fita mini daga gida. Kada ki ƙara tako ƙofar nan sai ranar da yarinyar nan da kika ɓata ta ce ta yafe."

Ramin mugunta a gina shi gajere! Matan da Adda ta tara don su ji kunyar wata, su suka raka ta da ido har zaure, kuma kafin magariba labarin ya kai ofishinsu. Daga ranar ba wanda ya ƙara miƙa mata ko katin asibiti ta karanta masa.

Zainul Abidin na kuka a cikin waya kamar ƙaramin yaro, yana neman gafara. Fauziyya ta share fuska ta ce ta ji, amma tana da sharaɗi ɗaya, a yi gwajin jini. Barista ya ce rantsuwar kotu ta isa, ba sai an kai ga haka ba. Ta ce, "Rantsuwar ta masu biza ce, Barista. Gwajin na mutanen Kankia ne, da na wanda ya tambaye ni."

Aka yi, sakamako ya fito yadda Allah ya sani tun farko. Hajiya Babba da kanta ta ɗauki takardar, ta sa aka kai ta Bauranya a mota, ta zauna bakin rijiya ta sa malamin makaranta ya karanta wa matan ƙauyen, sannan ta durƙusa wa Kawu Manu ta yi bikon surukarta. Bayan an yi girbi biza ta fito, ta uwa da ta ɗiya.

Ana gobe tafiya Adda Lailatu ta zo da rana tsaka, ta tsaya a zaure ba ta da ikon shiga, ta aika a roƙa mata. Fauziyya ta fito, ta daɗe tana kallon matar da ta rame ta yi baƙi. Ta ce haƙƙinta ita ta yafe don Allah, amma akwai na yarinyar da aka kira da mummunan suna a bakin rijiya, wannan ba nata ba ne balle ta bayar.

"Sai ki jira ta girma, Adda, ki tambaye ta da kanki."

Hajiya Babba ta ce hakan ya yi. Har yau Lailatu a zaure take gaida uwarta, yarinyar kuwa bana ta shiga aji biyu. Allah ka tsare mu da hassadar na gida, ka ba mai haƙuri ladan haƙurinsa tun yana raye.